Lokar Sama: Yadda Ma'ajiyar Hula Ta Zama Wurin Rububi

Wurin nan da ke saman kan fasinja a jirgin sama, wanda ake rububinsa da zarar an buɗe ƙofa, ba don akwati aka yi shi ba tun farko. Don hula da kwat aka yi shi. A jiragen shekarun 1930 da 1940, irin su DC-3 mai kujera 21, 'yar kanta ce kawai a buɗe, babu murfi, a wasu ma raga aka ɗaura, dabarar da aka aro daga taragon jirgin ƙasa. Bature ya shigo, ya tuɓe malafarsa ya ɗora, ya naɗe kwat ya ɗora, ma'aikaciyar jirgi ta jera bargo da matashin kai a gefe. Shi ke nan. Duk abin da ke da nauyi an hana a sa shi can, domin in jirgi ya shiga gargada zai faɗo wa mutum a ka. 'Yar jakar da fasinja ya riƙo kuwa, ƙarƙashin kujera take shiga.

Na yi shekaru ina aikin alhazai, kuma yawancin aikina a bakin sikeli ne, a sansani kafin tashi, da kuma a Jidda lokacin dawowa. Daga baya na koma sayar da tikiti a Fagge. Saboda haka rigimar jakar hannu ba labari aka ba ni ba. Na ga dattijon da ake jin nauyinsa a garinsu yana ɗaga murya a kan kilo biyu. Na ga aminai sun yi wata guda a ɗaki ɗaya a Makka, suna ci a kwano ɗaya, sun zo sun ɓata a cikin jirgi saboda wurin ajiye jaka. Kullum hukuncin da nake ji shi ne mutanenmu ba su da tsari. Muna da namu laifin, zan zo kansa. Amma ƙuncin da fasinja ke ciki yau yana da mafari, kuma akwai waɗanda suka ci ribarsa.

Jirgin sama ya fara sauka a Kano a watan Nuwamba na 1925, lokacin da jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano. A wancan zamani ba a raba mutum da kayansa wurin awo. Fasinja ya hau sikeli, a ɗora kayansa, a haɗa lissafi, kuma kilo 100 aka yarje masa gaba ɗaya, har da jikinsa. Mai ƙiba sai ya rage kaya ko ya ƙara kuɗi. Tun kafin haka, a 1929, ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar Warsaw, wadda ta raba kayan matafiyi gida biyu, rabon da muke kai har gobe. Akwai kayan da ya damƙa wa kamfani, wanda in ya ɓata diyyarsa faran 250 na zinariya ne a kan kowane kilo. Akwai kuma wanda ya riƙe a hannunsa, wanda diyyarsa duka ba ta wuce faran 5,000 ba. Daga nan ne jakar hannu ta samu matsayi a doka.

Mu kuwa a lokacin hanyarmu ta Makka ta ƙasa ce. Daga Kano a bi Borno, a ƙetare zuwa Fallomi, a bi Abeshe, a shiga Darfur, a kai Hartum, a gangara Sawakin a shiga jirgin ruwa. Wani ya yi shekara uku a hanya, wani bakwai, wani ya zauna a Sudan, zuri'arsa na can har yanzu. Mai irin wannan tafiya gidansa yake ɗauka: tabarma, buta, tukunya, salka, gafaka, kayan sana'ar da zai ci abinci da ita a hanya. Ba wanda yake auna masa komai, iyakarsa abin da kansa ko jakinsa zai iya. A ƙarshen shekarun 1940 Alhaji Mahmud Dantata da Alhaji Haruna Kassim da abokansu suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma, wadda ta bar sunanta a Wapa, inda 'yan canji suke a Fagge. Da motoci suka fara, daga baya suka koma shatar jirage. A 1958 aka kafa Nigeria Airways. Tafiyar shekaru ta koma ta sa'o'i, amma mahajjacin bai sauya da wannan saurin ba. Mutumin da zai yi fiye da wata yana girka wa kansa abinci a ƙasar da bai san cimarta ba, dole ya nemi tafiya da garin tuwo, da kuka, da daddawa, da yaji, da man shanu. Sai ya tarar da sikeli a bakin ƙofa, da wani yaro ɗan boko yana ce masa kilo kaza ne kawai.

Ko da jiragen jet suka zo, kantar hula ba ta sauya ba. Boeing 707, wanda ya fara jigila a 1958, kuma ya kwashi alhazanmu da yawa a shekarun 1970, da buɗaɗɗiyar kanta ya fito. Sauyin ya zo ne da Boeing 747, babban jirgin nan mai ƙusumbi, wanda kamfanin Pan Am ya fara tashi da shi daga New York zuwa Landan a watan Janairun 1970. Shi ne ya yaɗa loka mai murfi da sakata. Ba a daɗe ba aka riƙa cire tsohuwar kanta daga ƙananan jirage ana maye ta da loka, don su yi kama da babban yayansu. Da aka sa murfi sai dokar nauyi ta yi sassauci, tunda abin da ke rufe ba ya faɗowa da sauƙi. Wurin hula ya fara karɓar jaka.

Sai taya ta shigo. A 1970 wani Ba'amurke mai harkar akwatuna, Bernard Sadow, ya sa wa akwati taya huɗu da igiyar ja. Yana tafiya yana tuntsurewa, bai hana shi kasuwa ba. Wanda ya juya al'amarin gaba ɗaya shi ne Robert Plath, matuƙin jirgi a kamfanin Northwest, wanda a 1987 ya tsayar da akwatin a tsaye, ya sa masa taya biyu da mariƙin da ake zarowa. Abokan aikinsa ya fara sayar wa. Fasinjoji suka riƙa ganin matuƙa da ma'aikatan jirgi suna wucewa da shi hannu ɗaya, babu nishi, kowa ya ce shi ma yana so. Kafin wannan, abin da ke tsare jakar hannu shi ne ƙarfin hannun mai ita, don ba wanda zai rungumi kilo goma sha biyar ya ratsa doguwar baranda da shi in yana da zaɓi. Taya ta cire wannan shamaki. Yaro ɗan shekara goma zai iya jan abin da ƙato ba zai iya ɗagawa sama da kansa ba sai da daɓe.

A ɗaya ɓangaren kuma bincike yana ta tsananta. Bayan fashin jirage ya yi yawa tsakanin 1968 da 1972, Amurka ta tilasta binciken kowane fasinja da jakar hannunsa daga Janairun 1973, duniya ta bi sahu. Mu ma abin ya taɓa mu a Oktoban 1993, lokacin da wasu matasa huɗu suka karkatar da jirgin Nigeria Airways da ya taso daga Legas zuwa Abuja, aka ƙare a Yamai. Amma dokar da ta fi shiga rayuwar alhaji ita ce ta 2006. A watan Agustan shekarar 'yan sandan Landan suka bankaɗo shirin tarwatsa jirage da sinadarai masu ruwa a cikin kwalaben abin sha, daga nan aka taƙaita duk wani abu mai ruwa a jakar hannu zuwa mililita 100. Kafin nan na sha ganin Hajiya ta hau tsani rungume da jarkar zamzam, ta ajiye ta tsakanin ƙafafunta har Kano. Yanzu hukumomin Saudiyya sun hana sa zamzam a cikin kaya, babba ko ƙarama. Tsarin da hukumar alhazai ta ƙasa, wadda aka kafa a 2006, take bi yana da kyau, kuma mutane da yawa ba su san shi ba: jiragen da suka kai maniyyata suna dawowa babu kowa, sai a loda musu zamzam, a tara shi a gida, kowane alhaji ya karɓi lita biyar bayan ya sauka. Duk da haka kowace shekara sai na'ura ta nuna gorar ruwa a naɗe cikin darduma, a sauke akwati, a kira mai shi, jirgi ya yi ta jira.

Inda lamarin ya lalace sosai shi ne 2008. A shekarar gangar ɗanyen mai ta kusa dala 150. Kamfanin American Airlines ya ce daga yanzu akwati na farko da za a sa a ƙasan jirgi, wanda tun fil azal kyauta ne cikin kuɗin tikiti, dala 15 ne. Cikin makonni wasu manyan kamfanonin Amurka suka bi. Kafin ƙarshen shekarar mai ya faɗi ƙasa da dala 50, amma kuɗin akwati bai sauka ba, hawa ma ya riƙa yi. Akwai dalili. A Amurka gwamnati tana karɓar harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan tikitin cikin gida, amma ba ta karɓa a kan kuɗin kaya, saboda haka duk dalar da kamfani ya ciro daga tikiti ya mayar kuɗin akwati, tasa ce cif. A 2023 kamfanonin jiragen Amurka sun tara fiye da dala biliyan 7 daga kuɗin kaya kaɗai.

To mene ne fasinja zai yi? Ruwa ba ya tsami banza. Ya kwashe abin da zai sa a ƙasa ya cusa a akwati mai taya, ya shigo da shi ciki. Shi kuma jirgin bai ƙara faɗi ba. Boeing 737 da muke hawa daga Kano zuwa Legas faɗinsa ɗaya ne da na 707 na zamanin Sardauna, kujera shida a jere. Abin da aka ƙara shi ne yawan layuka, har 737-800 yana ɗaukar mutum 189 in an matse shi. Mutane sun ƙaru, akwatunansu sun ƙaru, loka ba ta isa. Da ta kasa isa sai ita ma ta zama haja. Aka fara sayar da damar riga shiga jirgi, wadda ba komai ba ce illa damar riga wasu zuwa loka. A 2010 kamfanin Spirit ya fara cajin kuɗi a kan jakar da za a sa a lokar ita kanta, a 2018 Ryanair na Turai ya taƙaita kyauta ga 'yar jakar da za ta shiga ƙarƙashin kujera. A ganina wannan ba daidai ba ne. Ka haddasa ƙarancin abu da hannunka, sannan ka sayar wa mutane mafita daga ƙarancin, ka bar ma'aikaciyar jirgi da raba faɗa a tsakiyar hanya.

An yi yunƙurin gyara. A watan Yunin 2015 ƙungiyar kamfanonin jirage ta duniya, IATA, ta fito da ma'auni ɗaya na jakar hannu, santimita 55 da 35 da 20, don kowa ya samu wuri. Ya fi abin da Amurkawa suka saba ƙanƙanta, suka yi ca, aka janye shi cikin kwanaki. Shi ya sa har yanzu jakar da wani kamfani ya karɓa, wani zai ƙi ta a tafiya ɗaya. A shekarar ce kuma Boeing ya fito da loka mai zurfi wadda ake jera akwatuna a kan gefensu, ta ɗauki shida a inda ake sa huɗu. A Turai kotun tarayyarsu ta yanke hukunci tun 2014 cewa jakar hannu mai madaidaicin girma larura ce ta tafiya, bai kamata a caji kuɗinta ba, kuma a Nuwamban 2024 gwamnatin Sifen ta ci tarar kamfanoni biyar masu arhar tikiti yuro miliyan 179, har da wannan laifin a ciki. Aka shiga shari'a a kai.

Mu a nan akasarin tikitinmu har yanzu yana zuwa da kilo na kaya kyauta, saboda haka abin da ke tura mu cusa komai a jakar hannu daban ne. Na farko tsoro. Duk wanda aka taɓa barin akwatinsa a wani gari ya yi kwana da kwanaki yana sintiri, ko ya karɓe shi an farke zif an zare turare, ba zai ƙara yarda ya rabu da abin da yake ji da shi ba. Na sha rarrashin waɗanda na sayar wa tikiti a kan wannan, kuma ba ni da bakin ce musu ƙarya suke. Na biyu kasuwanci. 'Yan Kano-Jidda, da masu zuwa Dubai da Guangzhou, kowane kilo riba ne a wurinsu, kuma gwal da waya da agogo ba a sa su a ƙasa. Ita ma jakar nan mai zane-zane da ake kira Ghana-must-go, wadda ta samu sunanta daga korar baƙi ta 1983 zamanin Shagari, ta yi wa 'yan kasuwarmu hidima shekaru don ba ta da nauyi kuma tana cin kaya, har wasu kamfanoni suka hana ta saboda tana maƙalewa a bel ɗin da ke jan kaya. Kamfanin jiragen Habasha ya hana ta a Najeriya a Nuwamban 2023.

Na uku, wanda ya fi duka ƙarfi, shi ne tsaraba. Shekaru da dama ƙa'idar alhajin Najeriya ita ce babbar jaka kilo 32, ƙarama kilo 8. Wata shekara a Jidda wata tsohuwa daga wani ƙauye ta ɗora ƙaramar jakarta a sikeli, ya nuna sha huɗu. Na ce, "Inna, jakar nan ta wuce. Takwas aka ce."

Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, to wa zan cire?"

Ta tsuguna ta zuge jakar a gabana. Dabino ƙulli-ƙulli a leda, kowane ƙulli da mai shi. Carbi wajen dozin biyu. Kwalli, bagaruwa, 'yan zobba, ƙananan huluna na jikoki, jallabiyar limamin garinsu, abaya ta kishiyarta, wani ɗan agogon bango mai kiran salla na maƙwabcin da ya kula mata da awaki. Tana ɗagawa tana faɗar suna. Wasu daga cikinsu sun ba ta gudummawa da za ta taho, wasu sun raka ta har bakin mota. Ba kwaɗayi ya cika jakar ba, nauyin jama'a ne. Wani matashi a ayarinsu wanda jakarsa ba ta kai ba ya ce, "Baba, kawo in riƙe miki." Na sa ya duba kowane abu da idonsa kafin ya karɓa, domin riƙe wa wani kaya a hanyar Saudiyya ba abin wasa ba ne: an tsare bayin Allah da dama a can saboda ƙwaya a jakar da ke ɗauke da sunansu, kuma hukuncin safarar ƙwaya a ƙasar kisa ne. Ta samu ta wuce da tsarabarta. Da yawa ba sa samu. Na ga masu saka jallabiya uku a jiki cikin zafin Jidda, na ga tulin bargo da butoci da aka zubar a bakin ƙofa, masu su na waiwaye.

Duk tausayina ga irin wannan tsohuwa, ban taɓa ɗaga wa kowa ƙafa a kan sikeli ba, kuma ina so mai karatu ya san dalili. Matuƙi ba ya auna fasinja ɗaya-ɗaya kamar zamanin Imperial. Akwai ƙiyasin nauyin da ake ba kowane mutum haɗe da jakar hannunsa, da shi ake lissafin mai, da gudun da jirgi zai kai kafin ya ɗaga, da yadda za a raba nauyi gaba da baya. In mutum ɗari biyar a cikin 747 kowa ya ɓoye kilo shida, tan uku ke nan da babu su a takarda. Ga zafi, wanda ke rage wa iska kauri, ya sa jirgi ya buƙaci doguwar hanya kafin ya tashi, kuma Jidda da Kano da Sakkwato duk garuruwan zafi ne. A Janairun 2003 wani ƙaramin jirgi ya faɗi a Charlotte ta Amurka jim kaɗan da tashi, mutum 21 suka rasu. Bincike ya gano kuskuren gyara a jelarsa, ya kuma gano nauyi ya wuce ƙima kuma ya taru a baya, saboda ƙiyasin da ake aiki da shi ya tsufa. Ita kanta loka akwai iyakar nauyin da aka rubuta a jikinta.

Yanzu ga namu laifin. Tikiti kujera ya saya maka, bai saya maka lokar da ke samanta ba. Loka ta jama'a ce kamar rijiyar unguwa, kowa ya ɗebi daidai buƙatarsa ya matsa. Babu dokar da ta rubuta ladubbanta, matafiya ne suka gina su a hankali tun daga 1970, kuma duk wanda ya duba zai ga ba baƙin abu ba ne a wurinmu, haƙƙin abokin tafiya ne da malamai suka daɗe suna karantarwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mai kujera a can baya ya shigo ya jefa akwatinsa a lokar farko don ya huta da ja. Sai mai kujerar gaban ya zo ya tarar a cike, a kai tasa jakar baya, in an sauka ya riƙa kutsawa yana saɓa wa mutum ɗari. Mutum ɗaya ya huta, jirgi guda ya tsaya. Haka mai jaka biyu da zai ɗora duka a sama don ya miƙe ƙafa, alhali ƙaramar wurinta ƙarƙashin kujerar gabansa. Haka mai shimfiɗa babbar riga ko kwat a loka tun kafin akwatuna su shiga, ya cinye wurin mutum biyu, bayan in ya jira aka gama sai ya ɗora a sama ba ta takura kowa ba.

Akwai kuma taɓa kayan mutane. Na ga wani mai kuɗi, da ganin shigarsa ka san ya saba a ba shi hanya, ya buɗe loka ya zaro jakar wani malamin makaranta ya dire ta a ƙasa, ya sa tasa. Malamin bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Alhaji, da ka tambaya ai da na matsar maka da kaina. Akwai gilashin mahaifiyata da maganinta a ciki." Jirgin ya yi tsit. Alhajin ya mayar da jakar, amma ya riga ya zubar da abin da ya fi wurin jaka daraja. Tambaya ba ta cin komai. Ka ce, "Malam, wannan taka ce? In ɗan gyara ta?" Kusan kullum amsar ita ce bismilla. In ka ga tsoho ko mai goyo yana fama, ka miƙe ka ɗaga masa, kada ka jira ma'aikaciyar jirgi, domin ita tana yin wannan tashi da sauka kullum, kuma ciwon baya da kafaɗa na cikin abin da ke kwantar da masu aikinta. Wanda kuma ya san ba zai iya ɗaga jakarsa sama da kansa ba, kuma lafiyarsa ƙalau, jakar ce ta yi nauyi, ya kai ta awo. In an sauka a buɗe loka a hankali, hannu ɗaya a tare, don kaya suna motsawa a sama. Na ga fulas ɗin shayi ya fasa wa yarinya goshi a haka.

Duk waɗannan ladubba ne, wanda ya saɓa su ya ɓata wa mutane rai. Akwai guda ɗaya da ta wuce ladabi. Ana gwada kowane babban jirgi kafin a ba shi izini, a tabbatar za a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofinsa, kuma wannan lissafi babu jaka a cikinsa. A ranar 3 ga Agustan 2016 jirgin Emirates da ya taso daga Indiya ya daki ƙasa a Dubai ya kama wuta. Hoton bidiyon da aka ɗauka a ciki ya nuna mutane suna buɗe loka suna jawo akwatuna, ma'aikata na ihu a bar kaya a fita. Allah ya kiyaye duka mutum 300 suka tsira, amma ɗan kwana-kwana ɗaya ya rasa ransa. A ranar 2 ga Janairun 2024 jirgin Japan Airlines ya yi karo da wani ƙaramin jirgi a filin Haneda na Tokyo, ya ƙone ƙurmus. Mutum 379 ne a ciki, suka bi umarni, suka bar kayansu, duka suka fita da rai. Akwati a lokacin gudu yana tare hanya, yana iya farke tsanin roba da ake zamewa a kai, kuma daƙiƙa biyar da ka ɓata kana jawo shi, daga numfashin na bayanka ka ɗebe su.

Sabon abin da ya shigo loka kuma shi ne batir. A ranar 28 ga Janairun 2025 wuta ta tashi daga lokar wani jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu yana shirin tashi, aka fitar da mutum 176, jirgin ya ƙone, kuma masu bincike suka fi zargin fawa bank. Daga Maris na shekarar Koriya ta hana ajiye shi a loka. Ba a yarda a sa shi a babban akwati ba, don in ya kama a ƙasan jirgi ba mai gani. Wurinsa aljihunka ko 'yar jakar da ke gabanka. Yau kuwa da wuya ka ga maniyyaci, ko na ƙauye, da ba shi da guda ɗaya.

Roƙona ga malaman bita da jami'an alhazai na jihohi shi ne su ware zama guda a kan wannan, kamar yadda ake ware wa ɗawafi da jifa. A kawo sikeli da jakar kilo takwas gaban maniyyata, a cika ta a gabansu su ga iyakarta da idonsu tun suna gida, a gaya musu zamzam ɗinsu yana jiransu a sansani, a kuma gaya wa dangi masu rakiya su rage dogon saƙo. Kai kuma mai karatu, fasfo da magani da kuɗi da waya ka sa su a jikinka tun kafin jirgi ya tashi. In ranar ta zo aka ce a fita, ka tashi ka fita, kada ka ɗaga hannu sama.